Bitrus da Hanyar Kufai

Gozaki,
Ta hanyar Malumfashi,
18 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga Yayana Mark,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Matta da yara duka, can Fatakwal. Yaya aikin reluwe, yaya kuma ruwan saman garin naku da ka ce ba ya gajiya? Allah ya kiyaye ku, ya ba ku lafiya da zaman salama a cikin baƙin mutane. Mu nan muna lafiya. Damina ta yi kyau bana, dawa ta yi kai sosai, har an fara yanka a gonar fadama. Audugar ce dai tsutsa ta ɗan taɓa. An gama rufin majami'a da kwano, yanzu in ana ruwa ba ma jin wa'azi, amma ba ma jiƙa. Inna tana nan da ƙafarta, wata rana ta taka har kasuwa, wata rana ko bakin rijiya ba ta kaiwa. Ni kuma ina nan da 'yan ajina a Kafur, yaran sun yi yawa har wasu a ƙasa suke zama. Atamfar da Matta ta aiko wa Inna ta iso, ta ɗinka, da ita take zuwa sujada.

Yaya, maganar ƙanenka Bitrus ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na so in jira zuwanka, sai na ga ba zan iya ba. Ka san tun da ya faɗo daga motar auduga a hanyar Funtuwa farfaɗiya ta kama shi. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda ta tsananta bara, domin ba mu so mu tayar maka da hankali. Ta kai matarsa Liatu ba ta iya barinsa shi kaɗai kusa da murhu ko bakin rijiya. Rannan ya faɗi da lauje a hannu, ya yanke cinyarsa. Ƙwayoyin asibiti suna rage abin, amma sai su bar shi kamar wanda aka jiƙa, yana gyangyaɗi a tsaye, ba ya iya riƙe garma. Mutane suka fara janye 'ya'yansu in ya zo wucewa, wasu ba sa shan ruwa a kwanon da ya sha. Shi da ka sani da barkwanci, ya koma ba ya fita ko zaure. Yakan ce kafin ya faɗi yana jin wani ƙauri a hanci, kamar ana ƙona gashi, to daga nan bai san kome ba sai ya farka ya ga mutane a kansa.

Maƙwabcinmu Malam Maitama, mai sayen hatsi, shi ya kawo mana labarin wani likita a ƙaramin asibitin da ke bayan Malumfashi. Sunansa Likita Ɗanjuma, mutumin wajen Zariya ne, ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo da wata na'ura. Farkon damina na raka Bitrus, Malam Maitama ya ɗauke mu a motarsa. Likitan saurayi ne mai sanyin magana, ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa tsaf. Ya ce ƙwaƙwalwar kowa tana da 'yar wutarta mai kai da komowa, wadda ba a ji ba a gani, kuma farfaɗiya ita ce lokacin da wutar ta rikice ta tashi gaba ɗaya. Ya ce na'urarsa ba ta sa wa mutum kome a kai, saurare kawai take yi. Duk sanda ƙwaƙwalwa ta kama wata irin tafiya mai natsuwa, sai wani koren ƙwan lantarki ya kama, a ji wata 'yar ƙara. Aikin marar lafiya shi ne ya nemo yadda zai riƙa kunna ƙwan nan da kansa, har ƙwaƙwalwar ta saba da wannan tafiyar ta rage rikicewa. Bai ɓoye mana ba, ya ce abin sabo ne ko a can inda ya koyo, wasu yana yi musu amfani wasu ba ya yi, kuma kada Bitrus ya kuskura ya bar ƙwayoyinsa.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, an rataya mata shuɗin labule. Nas ta aske masa wurare a kai, ta manna wayoyi da wani farin abu mai danƙo, ta maƙala ɗaya a kunne. Gefe guda akwai wasu siraran allurai masu tawada suna zane a kan doguwar takarda da ke fita a hankali tana naɗuwa a ƙasa. In ya haɗiye yawu su yi tsalle, in ya ƙifta ido su yi tsalle. Na tsaya ina kallo, wai abin da ke cikin kan ɗan'uwana ne yake fitowa a takarda kamar sawun tsutsa a laka. Da muka koma gida na ba Inna labari, ta ce ita ba ta son abin da ke leƙa cikin kan mutum, sun bar irin wannan sha'ani na bokaye tun ranar da ita da marigayi Baba suka karɓi baftisma. Sai da Fasto ya zo ya ce mata ilimin likita ma daga wurin Allah yake, ya yi addu'a, sannan ta yarda da rabin baki.

Makonnin farko ba abin da ya faru. Yana zuwa duk sanda motar Malam Maitama za ta Malumfashi, ya zauna ya yi ta gumi, ƙwan ya ɗan ƙifta ya mutu. Ya ce in ya matsa wa kansa abin ya gudu, in ya saki jiki barci ya ɗauke shi. Ana cikin noma na biyu ya dawo wata rana fuskarsa a sake, ya ce ya samo hanya. Daga nan ƙwan ya riƙa daɗewa a kunne, ƙarar nan tana tafiya siririya kamar kukan gyare. Yaya, abin ya yi aiki, wannan ba zan musa ba. Faɗuwar ta ragu, ta ragu, har aka ci tsakiyar damina bai faɗi ba. Likita ya rage masa ƙwaya kaɗan, idonsa ya buɗe, ya koma gona. Na gan shi da idona ya ɗauki ƙaramar 'yarsa Hansai ya ɗora a wuya, abin da Liatu ta hana shi tun bara. Ranar Lahadi ya tashi a majami'a ya yi godiya, mata suna share hawaye.

Ni ce na tambaye shi, don son sani kawai, wace hanya ce ya samo. Muna zaune da hantsi muna ɓarar gyaɗa. Ya ce hanya ce ta gaske, ta ƙafa. In ya zauna a kujerar nan ya sassauta ido, sai ya ga wata 'yar turba tsakanin gonakin dawa, ya bi ta. Akwai tsamiya mai rassa biyu, ɗaya ya karye ya kwanta a ƙasa amma bai mutu ba. In ya wuce tsamiyar sai ƙarar ta fara. Gaba kaɗan akwai rijiya da aka ɗora wa gungumen giginya a baki, sannan danga, sannan gida mai rumbuna uku. Ya ce kullum rana tsaka ce a wurin, ba iska, ba kaza, ba motsin kome. A tsakar gidan akwai wata mace ta ba shi baya tana daka, taɓarya na hawa tana sauka amma ba a jin sautinta. Ya ce duk zuwa yana ƙara matsawa kusa da ita, kuma gwargwadon kusantarsa gwargwadon daɗewar ƙwan. Na yi dariya na ce mafarkin ido biyu ne. Shi bai yi dariya ba, ya ce bai taɓa jin natsuwa irin ta wurin nan ba.

Ban san Inna tana bayan rumbu tana jinmu ba. Ta fito ta zauna a kan turmi, ta tambaye shi ko ya ga hannun matar. Ya ce ya gani, hannun hagu yana da tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwa, fari fat.  Sai Inna ta ce wannan gidanmu ne na kufai, inda aka haife ka kai Yaya, wanda suka tashi daga cikinsa tana da cikin Bitrus. Ta ce matar Gwaggo Hajjo ce, ƙanwar Baba. Ni ban taɓa jin Baba yana da ƙanwa ba. Inna ta ce ita ma farfaɗiya gare ta tun tana yarinya, ta faɗa wuta shi ne tabon. Wata rana da tsakar rana kowa yana gona, ta ajiye daka ta je jan ruwa, ciwon ya tashi a bakin rijiyar. Da aka dawo aka tarar da hatsi a turmi, ita kuma aka same ta a cikin rijiyar. Bayan haka Baba bai ƙara iya kwana a gidan ba, shi ya sa suka taso nan, kuma har ya rasu bai yarda a ambaci sunanta ba. Bitrus ya saurara har ƙarshe, ya ce to ai ba ta da alamar wahala, daka kawai take yi.

Mako na gaba na bi shi asibiti, ina so in yi wa likita magana. Ana cikin yi, ƙwan yana kunne, sai injin wutar asibitin ya mutu. Fanka ta tsaya, allurai suka tsaya, ƙwan ya mutu, ɗakin ya yi tsit. Likita ya ce wa Bitrus ya huta sai an gyara. Bai motsa ba. Idanunsa a buɗe suke kaɗan, numfashinsa a hankali, hannayensa a kan gwiwa. Nas ta kira sunansa, ni ma na kira, har na taɓa kafaɗarsa na ji ta yi sanyi duk da zafin ɗakin. Ba faɗuwa ba ce, ba karkarwa, ba kumfa. Sai da likita ya tafa hannu kusa da kunnensa sannan ya ɗago, ya dube mu kamar mun katse masa magana da wani. Da aka gaya masa wuta ta ɗauke tun ɗazu, ya ce shi bai ji ƙarar ta tsaya ba, har yanzu ma yana jin ta. Tun daga ranar Liatu ta fara lura yana yin haka a gona. Sai ya tsaya cak da fartanya a hannu, rana na dukansa, ya daɗe, sannan ya ci gaba da aiki. In ta tambaye shi ya ce ƙaurin nan ne ya ji ya taso, sai ya bi hanya, kafin ya dawo ƙaurin ya wuce.

Na kwashe kome na gaya wa Likita Ɗanjuma. Bai yi mini dariya ba. Ya ce abin da ake nema ke nan, mutum ya iya kwantar da kansa ba tare da na'ura ba in ya ji ciwon na tasowa. Game da gidan kuwa, ya ce irin wannan ciwo yakan tono abin da mutum ya ji yana ƙarami ya manta, ƙila wata tsohuwa ta taɓa ba da labarin a gabansa. Amma ya ce gaskiya na'urarsa layi kawai take gani, ba ta ganin abin da mutum yake gani, kuma daɗewar da Bitrus yake yi bai dawo ba ta dame shi, yana so ya tura shi Zariya a ƙara dubawa. Inna dai ta ce an gama, ba za a koma ba, ta kuma sa shi ya yi mata alkawari ba zai ƙara bin hanyar ba ko a gona. Liatu ta yi kuka, ta ce ita ce take kwana da fargaba, ita ce take ɗauke wuƙa da ashana, yanzu da ta samu mijinta ya dawo za a mayar da ita baya. Ka san Bitrus ba ya ƙetare maganar Inna. Ya riƙe alkawari. Ba a rufa wata ba, ranar kasuwar Kafur, ya ji ƙaurin ya ƙi bin hanya, ya faɗi kusa da kaskon mai tuya. Allah ya tsare fuskarsa, amma mai ya zubo masa a hannun hagu, daga wuyan hannu zuwa sama. Da Inna ta ga inda ƙunar ta kama, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta ci abinci ba ranar. Washegari da kanta ta aika a tambayi Malam Maitama yaushe motarsa za ta Malumfashi.

To ya koma. Likita ya sauya dabara, ya ce ya riƙa buɗe ido sosai yana kallon ƙwan, ya sa ransa a kan gonarsa ta yanzu da 'ya'yansa. Bitrus ya gwada, ya ce yana farawa daga gonarsa lafiya lau, amma ko ta ina ya bi sai ya ɓullo gindin tsamiyar nan. Tun da ya koma bai ƙara faɗuwa ba, hannun ma yana warkewa, yana cin abinci, yana wasa da yara. In ka gan shi ba za ka ce akwai kome ba. Sai dai ranar Talatar da ta wuce ya same ni ina duba littattafan yara a inuwa, ya zauna kusa da ni, ya ce yanzu ya shiga tsakar gidan, yana tsayawa dab da turmin. Ya ce ta daina dakan. Ba ta juyo ba tukuna, amma ta yi magana, muryarta ƙasa ƙasa kamar ta mai mura. Ba ta tambayi Baba ba, ba ta tambayi Inna ba. Ta ce ina Mati, ta aike shi ya kawo mata guga tun ɗazu bai dawo ba. Bitrus ya tambaye ni ko na san wani Mati a danginmu. Na ce ban sani ba. Na je na samu Inna tana tankaɗe, na tambaye ta. Ta ajiye rariyar, ta dube ni, ta ce in je in rubuta maka takarda. 

Yaya, kai kaɗai ka rage da ka zauna a gidan nan na kufai da wayonka, bayan Inna. Ina roƙonka ka gaya mini gaskiya, shin kafin baftisma da wane suna ake kiranka? Ka tuna da Gwaggo Hajjo? Ka taɓa ba Bitrus labarinta lokacin da kuke kwana ɗaki ɗaya kuna yara? In ka taɓa, don Allah ka faɗa, hankalin kowa zai kwanta, likita ma ya samu amsarsa. In kuma ba ka taɓa ba, to ban san abin da zan ce ba, sai dai mu ci gaba da addu'a. Ba na tambayarka don in ɗora maka kome, yaro ne kai a lokacin, kuma abin da Allah ya ƙaddara ya riga ya wuce. Amma muna bukatar babba a gidan nan. In an hana Bitrus bin hanyar zai faɗi, mun gani. In an bar shi yana ƙara nisa, kuma kowace tsayuwa tana fin ta baya daɗewa. Likita ya ba mu takardar zuwa Zariya bayan Kirsimeti, ina so kai za ka kai shi. Ka nemi hutu ko da kwana kaɗan ne, kada ka jira sai sabuwar shekara. Fasto yana zuwa yi mana addu'a duk Laraba, Malam Maitama ma ya ce yana sa Bitrus a tasa addu'ar, Allah ya saka musu.

Ka gaishe mini da Matta da kyau, ka ce mata ta yi haƙuri da doguwar takarda. Ka gai da Atu da ƙannenta, ka ce su dage da karatu. Inna tana gaishe ku tana sa muku albarka. Liatu tana gaisuwa, ita da yara. Malam Maitama da iyalinsa Shafa'atu sun ce in miƙa gaisuwarsu, haka ma 'yan zumuntar mata. Bitrus yana nan zaune a bakin rumbu ina hango shi. Ɗazu da ya ga ina rubutu ya tambaye ni wa nake rubuta wa, na ce kai ne. Ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ka yi sauri, domin jiya matar ta fara juyo da kanta.

Allah ya kawo ka lafiya, ya tsare hanya.

Ni ce ƙanwarka,
Rahab.